Sigarin lantarki: Wa zai riga yi wa yaran Gwandu da Kalgo magana, iyaye ko mai sayarwa?

A ɗauka ranar Asabar ce da hantsi a garin Kalgo. Wata uwa ta tara kayan makarantar ɗanta mai shekara 13 za ta wanke, tana lalube aljihun wando kamar yadda ta saba, don kada ta jiƙa kuɗi ko takarda.

Sai hannunta ya ci karo da wani ɗan abu na roba mai launi, bai fi biro girma ba. Ta sunsuna, ta ji ƙamshin mangwaro. Ta juya shi, ta ga wani ɗan rami a gindinsa irin na cajin waya.

Ta tambayi yaron, ya ce mata turaren baki ne na abokinsa. Ta ajiye masa a kan taga, ta ci gaba da wankinta.

Wannan uwa ba ta yi sakaci ba. Da karan sigari ta gani, da maƙwabta sun ji su a ranar. Abin da ta riƙe a hannunta shi ma sigari ne, sai dai babu wanda ya taɓa nuna mata kamanninsa.

A nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya fara yi wa yaro bayanin wannan abu, maganarsa ce za ta fi zama a zuciyarsa. A halin yanzu kuwa, mai sayarwa da abokin banza da bidiyon TikTok ne suka fi kowa shirin yin wannan bayani.

Ya kamata ƙananan makarantun sakandare na Gwandu da Kalgo su riga su, ta hanyar sanar da iyaye abin da ake ciki. Su kuma iyaye su buɗe baki su yi magana da 'ya'yansu tun kafin a kai ga ɗaukar bulala.

Mene ne wannan abu?

Sigarin lantarki, wanda matasa ke kira vape, wasu kuma su ce shisha pen saboda kamarsa da biro, 'yar na'ura ce mai batir. A cikinta akwai wani ruwa da siririyar waya da ke ɗaukar zafi da zarar an zuƙa. Zafin ne ke mayar da ruwan ya zama farin tururi mai kauri, wanda ke shiga huhu.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar China mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro samfurin da ya yaɗu a duniya, a shekarar 2003. Manufar da aka tallata shi da ita ita ce taimaka wa manyan da suka kasa barin taba.

Ba a kunna shi da ashana. Ba ya barin toka, ba ya sa riga warin taba, kuma tururinsa na ɓacewa cikin daƙiƙoƙi. Ana yin sa da siffar biro, ko filas na kwamfuta, ko jan-baki, ko 'yar kwalbar turare. Wani ana cajinsa, wani kuma ana jefarwa idan ya ƙare.

Galibin ruwan da ke cikinsa na ɗauke da nikotin, wato sinadarin da ke sa mai shan taba ya kasa dainawa. Ana gauraya shi da ɗanɗanon mangwaro, kankana, alewa ko na'ana'a. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce akwai aƙalla nau'in ɗanɗano 16,000 a kasuwa.

Duk mai hankali zai tambayi kansa: dattijon da ya shekara 30 yana shan taba ne ke neman ɗanɗanon alewa, ko yaro?

Tururin kuma ba na ruwan zalla ba ne, kamar yadda ake yaudarar yara. An samu ɓurɓushin ƙarafa irin su dalma a cikinsa, da wasu sinadarai masu illa ga huhu. Ruwan kansa guba ne idan ƙaramin yaro ya tsince shi ya sha.

Me ya sa ƙaramar sakandare?

Yaron da ke aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare yawanci yana tsakanin shekara 11 da 15. A lokacin ne yake fara yin nisa da idon mahaifiyarsa.

Yaro daga Dalijan ko Kambaza a ƙaramar hukumar Gwandu, ko daga Diggi ko Zuguru a ƙaramar hukumar Kalgo, zai haɗu da abokan da iyayensa ba su san gidajensu ba. A shekarun ne yake fara riƙe 'yan kuɗi, na makaranta ko na aikin gona da kasuwa, yake fara aron wayar yayansa, kuma maganar aboki ta fara fin ta gida nauyi a kunnensa.

Likitoci sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Nikotin da ya shiga ƙwaƙwalwar ɗan shekara 13 yana taɓa sassan da ke kula da natsuwa da koyo da danne zuciya. Kamu da shi kuma ya fi saurin faruwa ga yaro a kan babba.

Wato yaron da ake shirya wa jarrabawar kammala aji uku na iya zama a cikin aji, idonsa na kan allo, hankalinsa na kan lokacin da za a tashi ya je bayan makewayi ya yi zuƙa biyu.

Kada kuma a ɗauka matsalar maza ce kaɗai. A ƙasar Hausa abin kunya ne a ga mace da karan sigari, kuma wannan kunyar ta kare 'yan mata da yawa. Abin da ke ƙamshin alewa, wanda ke shiga jaka tare da kwalli da man leɓe, ya kauce wa wannan katanga. Ana iya ɓoye shi a ƙarƙashin hijabi ba tare da kowa ya lura ba.

A watan Oktoban 2025, WHO ta ce aƙalla yara miliyan 15 masu shekara 13 zuwa 15 ne ke zuƙar sigarin lantarki a duniya. Waɗannan sa'o'in 'yan ƙaramar sakandare ne.

'Ai bai iso nan ba'

Wani uba zai ce wannan ta 'yan Abuja da Legas ce, abin na da tsada, ɗan talaka a Gwandu ina zai same shi? Wani kuma zai ce iyaye a Kebbi na da damuwar da ta fi wannan.

Maganar ta biyu gaskiya ce. Jihar da aka sace mata ɗalibai a Birnin Yauri a watan Yunin 2021, aka sake yi a Maga a watan Nuwamban 2025, ba za a koya mata tsoron abin da zai sami yaro a makaranta ba. Ga tsadar rayuwa, ga yaran da ba su ma shiga aji ba.

Sai dai maganar tsaro na buƙatar jami'ai da makamai da kasafin kuɗi. Wannan kuwa ba ta buƙatar komai sai baki da kunne. Barin ƙaramar ɓaraka don ana fama da babba ba ya rage babbar.

Ita kuwa maganar cewa bai iso ba, a dubi inda garuruwan suke. Kalgo tafiyar 'yan mintuna ce a mota daga Birnin Kebbi, tana kan hanyar Jega, kuma ta nan ake ratsawa zuwa Bunza da Kamba a bakin iyakar Nijar. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a yankin take, kuma ta mayar da Kalgo mahaɗar matasa daga sassan Najeriya. Wannan alheri ne ga garin, amma yana nufin duk abin da ake yayi a manyan birane ba ya daɗewa bai iso ba.

Gwandu ma motoci na kai da kawowa tsakaninta da Birnin Kebbi da Sakkwato kullum. Ga samari 'yan ci-rani da ke dawowa daga kudu da tsaraba. Ga wayar hannu, wadda ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba. Ana tallar sigarin lantarki a intanet a Najeriya, a kuma aiko wa mai saye.

Tsada ma ba katanga ba ce. Wasu na'urorin na ɗauke da zuƙa dubbai. Yaro ɗaya mai ɗan hali ya isa ya ɗanɗana wa rabin aji, ko a yi karo-karo a saya.

An taɓa jin irin wannan magana a kan shisha. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya nemi a hana ta. A 2021 sai ga bidiyon wasu ɗalibai a Ikorodu da ke Legas, sanye da kayan makaranta, suna busa ta.

Haka aka yi da maganin tari mai kodin. Matasa da matan aure a Arewa sun daɗe suna kwankwaɗarsa ana kawar da kai, sai da binciken BBC ya fallasa lamarin a 2018 sannan gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. A shekarar ce wani bincike na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

A duka biyun, an jira har bango ya tsage.

Gemun maƙwabci

Amurka ta riga kowa ɗanɗana kuɗarta. A 2015 aka fito da wani samfuri mai suna Juul, mai kama da filas na kwamfuta, wanda ɗan kwanson ruwansa guda ke ɗauke da nikotin kwatankwacin na kwalin sigari mai kara 20.

Malamai sun ɗauki lokaci suna ganinsa a kan teburan ɗalibai ba su san ko mene ne ba. Zuwa 2019, sama da kashi 27 cikin 100 na 'yan babbar sakandare a ƙasar na zuƙar sigarin lantarki, haka ma kusan ɗaya cikin goma na 'yan ƙaramar sakandare.

A tsakanin 2019 da farkon 2020 kuma, an kwantar da mutum 2,807 a asibitocin ƙasar saboda wata cutar huhu, 68 suka mutu. An gano cewa galibinsu sun zuƙi ruwan da aka haɗa da sinadarin wiwi, wanda 'yan bayan fage suka gauraya da wani mai.

Daga baya kamfanin Juul ya amince ya biya jihohin Amurka ɗaruruwan miliyoyin dala kan zargin tallata hajarsa ga yara. Da aka tashi tsaye da doka da wayar da kan iyaye da makarantu, adadin yaran da ke zuƙa ya ragu ƙwarai. Wato abin na jin magani.

A Ingila, masu bincike na Jami'ar Bath sun gwada na'urorin da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a 2024, suka tarar kusan ɗaya cikin shida na ɗauke da wiwin da ake haɗawa da sinadarai, dangin wadda matasa ke kira Kolorado a Najeriya. Yaro zai karɓa daga hannun aboki yana zaton mangwaro yake zuƙa.

Birtaniya ta haramta sayar da nau'in da ake jefarwa daga 1 ga Yunin 2025. Indiya ta haramta sigarin lantarki baki ɗaya tun 2019. Ita kanta China, wadda ke ƙera mafi yawansa, ta hana sayar da mai ɗanɗanon 'ya'yan itace a cikin ƙasarta tun 2022, amma ba ta hana fitar da shi waje ba.

Hajar da aka rufe wa ƙofa a can, wata kasuwar za ta nema. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Doka ba za ta shiga aljihun yaro ba

Najeriya na da dokar taƙaita shan taba ta 2015, da ƙa'idojin aiwatar da ita na 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta hana tallarta, ta hana shan ta a makarantu, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai tebur a tasha ya san yadda ake bin wannan ta ƙarshen. Bugu da ƙari, an rubuta dokar ce da tabar da aka saba da ita a rai, ba ta yi wa sigarin lantarki cikakken tanadi ba.

Gyaran doka aikin 'yan majalisa ne, kuma ya kamata a matsa masu. Amma yaron da ke aji biyu a bana zai gama sakandare kafin a gama wannan muhawara. Abin da ke hannun jama'a yau shi ne makaranta da gida.

Saƙon makaranta ya wuce na kuɗi

A mafi yawan makarantu, idan saƙo ya zo gida, ɗayan uku ne: kuɗi, ranar komawa hutu, ko yaro ya yi laifi. Shi ya sa gaban uba ke faɗuwa idan aka ce shugaban makaranta na nemansa.

Malami na ganin abin da iyaye ba sa gani. Shi ke lura da yaron da ke yawan neman izinin fita, da gungun da ke taruwa a bayan aji, da sabon abin da ɗalibai ke yayi. Idan wannan sani ya tsaya a ofishin malamai, an yi asararsa.

Abin da ake buƙata ba mai wuya ba ne. Kowace ƙaramar sakandare ta riƙa fitar da sanarwa ga iyaye aƙalla sau ɗaya a zango, wadda ba ta ƙunshi neman ko sisi ba. Ta faɗi yadda karatu ke tafiya, da yawan fashin ɗalibai, da halin tsaro, da kuma sababbin abubuwan da ya kamata iyaye su sa wa ido.

A kan sigarin lantarki, sanarwar ta nuna hotonsa, ta faɗi sunayen da yara ke kiransa, da illarsa, da abin da makaranta za ta yi idan ta same shi, da malamin da uba ko uwa za su iya samu a asirce.

Takardar Turanci da aka ba yaro ya kai gida ba sanarwa ba ce, domin wanda ake magana a kansa shi ne zai fassara ta. A yi ta da Hausa, da boko da ajami. A naɗi saƙon murya na minti biyu da Hausa da Fulatanci, a tura ta WhatsApp, wanda ya samu ya kunna wa maƙwabcinsa.

A taron iyaye da malamai, a ɗaga na'urar ko hotonta kowa ya gani da idonsa. Kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC, yana da wakilan masu unguwanni da malaman addini da mata, kuma irin wannan aiki aka kafa shi ya yi.

Sai a tuna cewa maza ne suka fi zuwa taro, alhali mata ne ke wanke tufafi da share ɗaki. Saƙon da bai shiga cikin gida ba bai isa ba. Islamiyyun matan aure da asibitin awo da gidajen suna duk hanyoyi ne.

Sharaɗi guda: kada a taɓa kiran sunan yaro ko na gidansu a cikin sanarwa. Ranar da aka tona asirin yaro ɗaya a gaban taro, ranar ce sauran za su daina faɗin gaskiya.

Wani shugaban makaranta, musamman mai zaman kanta, zai ji tsoron kada a ce makarantarsa ta lalace. Amma iyaye sun fi amincewa da wanda ya gargaɗe su tun da wuri a kan wanda suka ji labarinsa a bakin 'yan gari. Wani kuma zai ce yin maganar zai tayar wa yara sha'awar gwadawa. Yaron da ke kallon waya ya riga ya gani. Iyayensa ne kawai ba su gani ba.

Kunya, da hanyar zagaye ta

A Gwandu da kewayenta, kunya ado ce. Akwai uban da ba ya kiran sunan ɗansa na fari, akwai uwar da ba ta sakewa da 'yarta ta fari a gaban mutane. Cewa irin wannan uba ya zaunar da ɗansa su yi hira kamar abokai, magana ce ta wanda bai san wurin ba.

Sai dai al'adar da ta kawo kunyar ita ce ta tanadi mafita. Akwai kawu da baffa, akwai gwaggo da inna, akwai yayye. Sama da kowa akwai kaka, wadda wasan da ke tsakaninta da jika ya ba ta lasisin faɗin abin da uwa ba za ta iya ba.

Kaka na iya jawo jikanta tana dariya ta ce: "Kai maigida, wanga abu mai ƙamshi da yara ka zuƙa, ka taɓa ganin shi?" Zai ba ta amsar da ba zai ba mahaifinsa ba. Abin da ake so shi ne kowane gida ya san wanda ya ɗora wa wannan aiki, kada kowa ya zaci wani ya yi.

Duk wanda zai yi maganar, ya fara da tambaya, ya kuma saurari amsa har ƙarshe. "Me ka sani a kansa? Akwai masu yi a ajinku?" ta fi "Idan na kama ka sai na karya ka." Ta farko na buɗe baki, ta biyu na koya wa yaro iya ɓoyo.

A zaɓi lokacin da hankali ke kwance: a hanyar gona, a kan babur, ko ana tsinkar zogale a tsakar gida. Gajeriyar magana da ake maimaitawa ta fi dogon wa'azi na rana ɗaya.

A faɗi gaskiya, kada a ƙara gishiri. Idan aka ce wa yaro duk wanda ya zuƙa sau ɗaya zai mutu, gobe ya ga abokinsa ya zuƙa yana buga ƙwallo, to an zubar da sauran maganar.

Yaro zai ce ai ya fi sigari sauƙi. A amsa masa cewa ana wannan kwatancen ne ga babban da taba ta riga ta kama, shi kuwa da iska mai tsabta zai kwatanta. Zai ce nasa babu nikotin. A gaya masa an sha gwada waɗanda aka rubuta haka a jikinsu aka same shi a ciki. Zai ce sau ɗaya ne kawai. A nuna masa cewa duk dattijon da ke tari da karan sigari a hannu, da sau ɗaya ya fara.

Yara a wannan shekarun sun tsani a raina masu wayo. A nuna masu cewa wani ne ya zauna ya lissafa yadda zai sa alewa a cikin tarko don ya riƙa karɓar kuɗinsu har tsufa. Wannan na ratsa su fiye da labarin cutar da za ta zo bayan shekara 30.

A kuma koya masu abin da za su faɗa idan aka miƙo masu, domin da yawa ba sha'awa ce ke sa su karɓa ba, rashin abin cewa ne. "Ƙirjina ba ya so" ta wadatar.

Uban da ke shan taba kada ya ce ba shi da bakin magana. Shi ya fi kowa hujja, idan zai iya cewa: "Na fara ina kamarka, ga shi har yau ina so in bari na kasa." Amma ya daina aiken yaro sayo masa.

Idan an riga an kama shi

Alamun da za a lura da su sun haɗa da ƙamshin alewa ko 'ya'yan itace a ɗaki ba tare da an ga tushensa ba, da baƙuwar na'ura a wurin caji, da tari ko yawan ƙishirwa, da saurin fushi, da ɓatan 'yan kuɗi. Ɗaya daga ciki ba hujja ba ce, dalili ne na a yi tambaya.

Idan ta tabbata, zuciya za ta ce a ɗauko dorina, makaranta kuma ta ce a kore shi. Duka na iya sa yaro ya yi nadamar an kama shi, amma ba ya cire nikotin daga jikinsa. Kora kuwa miƙa shi ce ga tasha da majalisar da ya samo abin, a wuni guda ba malami ba littafi.

A karɓe na'urar, a kira iyaye a asirce, a binciki inda ta fito. Babban da ya sayar wa yaro shi ya cancanci fushin hukuma. Yaron kuma a sa masa ido, a sani cewa zai yi kwanaki yana ƙunci da ciwon kai da rashin barci. Wannan alamar jiki na neman abin da ya saba ne, kuma tana wucewa.

Idan abin ya gagara, ko ana zargin an haɗa da wiwi, a nemi ma'aikacin lafiya. Akwai manyan asibitoci a Kalgo da Birnin Kebbi, kuma hukumar NDLEA, baya ga kame, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Yaron da numfashinsa ya sarƙe ko ƙirjinsa ke ciwo bayan zuƙa, a garzaya da shi asibiti, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Kowa da rabonsa

Gwamnan Kebbi, Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne. Ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da malamin aji ke gani. Umarni guda daga ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ya isa ya sa sanarwar zango ta zama al'ada a kowace ƙaramar sakandare, tare da hoto da saƙon murya da aka shirya sau ɗaya aka raba wa kowa.

Kebbi na cikin jihohin farko da suka shiga shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda ke da darussan dabarun zaman duniya. Saka wannan batu a ciki ba zai ci wani kuɗi ba. Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara, wadda duniya ta ware don yaƙi da shan taba, dama ce ta tara iyaye.

Masarauta na da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane shago. Limamai na da mumbari, kuma malaman Islamiyya na ganin yaran nan da yamma bayan an tashi boko. Sun fi kowa sanin abin da addini ya ce kan cutar da kai da ɓarnatar da dukiya, da kuma irin lafazi mai taushi da Luƙmanu ya yi wa ɗansa nasiha da shi.

Gwandu gari ne da aka san shi da karantarwa tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Diya'ut Ta'awil, wanda hubbarensa ke garin har yau. Bai dace a ce a irin wannan wuri, mai sayar da alewar nikotin ne ya fi kowa iya yi wa yaro bayani ba.

Ita kuwa waccan uwa ta Kalgo, abin da take buƙata bai wuce wani ya nuna mata hoto sau ɗaya ba. Ranar da ta sake cin karo da shi a aljihun wando, ba za ta ajiye shi a kan taga ba. Za ta ajiye wankin, ta kira ɗanta, ta ce ya zauna.